Ɗigon Da Ya Tsaya Shi Kaɗai

Shekara tara da aurenmu ba mu samu haihuwa ba, kuma a cikin shekarun nan tara babu mahaluƙin da ya taɓa dubana ya ce, kai fa? Ni ma ban tambayi kaina ba. Mahaifina 'ya'ya goma sha huɗu ya bari, yayyena maza kowa gidansa cike da yara, to ta ina za a fara zargina? Matata ake kallo. Tunda na zauna rubuta gaskiya, bari in faɗa: ni ma ita nake kallo.

Ita haifaffiyar Jidda ce. Kakanninta ne suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, a nan aka haifi iyayenta, a nan ta yi makaranta. Tana jin Hausa tsaf, amma idan ranta ya ɓaci Larabci ke riga Hausar fitowa. Ni kuwa da gemuna na zo daga Katsina, da takardar sakandare da bakin da ba ya gajiya, na samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani siton shinkafa a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antun Jidda. Muna zaune a Waziriyya, ɗaki biyu a hawa na uku.

Inna, mahaifiyata, tana kirana kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gaisuwa ɗaya, gaisuwa biyu, ta uku sai ta ce, "Mai ɗakin naka har yanzu shiru?" Duk wanda zai zo umara daga unguwarmu sai ta ba shi ƙunshi ya kawo: sassaƙe, garin magani, rubutu a gora. Matata ta shanye wanda na sha ne, ta yi hayaƙi da na hayaƙi. Akwai wanda ya sa ta amai kwana uku, da ta miƙe ta ƙarasa ragowar don kada a ce ta raina surukarta. Asibiti kuwa babu irin binciken da ba a yi mata ba. A shekara ta tara Inna ta daina kwana-kwana. Ta ce idan aka sauko daga Arfa bana babu labari, in sallami 'yar mutane, ita za ta nemo mini wadda aka san gidansu da haihuwa. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, kuma matata tana ɗakin lokacin da aka faɗa. Wata huɗu ya rage a hau Arfa.

A cikin watannin nan ne likitar mata da ke dubata ta kafe, ta ce ba za ta ƙara mata ko allura ɗaya ba sai an gwada mijin. Da saƙon ya iso ni na yi ta bambami. Na ce wannan ai raini ne, na ce likitocin zamani idan sun rasa abin faɗa sai su laluɓo miji. Daga ƙarshe na je, ba don ina shakkar kaina ba, sai don in kawo takarda in rufe wa likitar baki. Wani ƙaramin asibiti na zaɓa, irin wanda a nan ake kira mustausaf, can nesa da unguwarmu inda ba wanda ya san ni.

Bayan kwana biyu na koma karɓar sakamako. Likitan bai zo ba ranar, ma'aikacin da ke taga ya miƙo mini ambulan ya ce in dawo mako mai zuwa a yi mini bayani. A kan matakala na farke ta. Fom ne na Larabci, an cike shi da biro. Na bi layukan da yatsa har na zo inda aka rubuta adadi, wato yawan ƙwayoyin haihuwar da aka gani. A gabansa babu komai sai ɗigo ɗaya, kamar an ɗora biro za a yi rubutu sai wani ya kira mai rubutun.

Sai na yi bayani a nan, don wanda bai zauna ƙasar nan ba. Lambobin da Larabawa ke rubutawa ba irin na makarantar boko ba ne. Abin da mu muka sani da sifili, wato zagaye, a wurinsu biyar ne. Sifilinsu ɗigo ne. Na san wannan sarai, na sha kunya a kansa a shekarata ta farko har na haddace. Ɗaya da ɗigo goma ne, biyu da ɗigo ashirin. Amma a lambar mota, a lambar waya, a lambar iƙama, wato katin izinin zama, ɗigon kullum cikin 'yan'uwa yake tafe, ko a gabansu ko a bayansu. Ban taɓa ganinsa shi kaɗai a fili ba. Don haka idona ya gan shi, kaina ya ce aya ce, irin wadda ake sawa a ƙarshen magana.

Na iso gida da la'asar ina huci. Na jefa takardar a gaban matata na ce ta ga aikin banza, an sa mutum ya zubar da girmansa sannan an manta ba a rubuta sakamakon ba. Ta ɗauka ta duba. Ta daɗe tana dubawa, har na ce me take nema a farar takarda. Ta ninke ta gida huɗu ta miƙo mini, ta ce abinci yana hucewa. Na sa takardar a aljihu, na ci abincina har da ƙari.

A sitonmu akwai wani dattijo Ba'indiye mai kula da babban sikeli. Ba Musulmi ba ne, ba ya cin nama, kuma na shekara shida ina tsokanarsa a kan haka. Nakan ce masa ranar da ya ɗanɗana kilishi zai yi kukan shekarun da ya ɓata, shi kuma ya ce ranar da na yi shiru na minti biyar zai yi sadaka. Malamin lissafi ne a ƙauyensu kafin neman abinci ya kawo shi nan. Da Larabcin 'yan aiki muke magana, wannan gurgun Larabci da Bahaushe da Ba'indiye da ɗan Bangaladash suka haɗu suka ƙera, kowa na kiran kowa sadiƙ, wato aboki. Kowace safiya kafin a ɗora buhu ko ɗaya sai ya share sikelin ya daidaita shi, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa kafin ya gama.

Kwana uku bayan karɓo takardar, muna cin abincin rana a inuwar bango, na zaro ta na nuna masa. Ba shawara nake nema ba, abokin zagin asibiti nake nema. Ya goge hannunsa, ya sa tabarau, ya duba. Sai na ga ya ajiye cokali.

Ya ce, "Sadiƙ, ba su manta ba. Sun rubuta."

Na ce ina rubutun?

Ya ɗora farcensa ƙarƙashin ɗigon. "Ga shi. Sifir ne."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, na ce masa tsufa ya fara taɓa shi, sifili ai sai da lamba a kusa da shi, sifilin me, goma ko ɗari? Ya ce ba goma ba, ba ɗari ba, shi kaɗai. An duba, an ƙirga, ba a samu ko ɗaya ba, shi ne aka rubuta abin da aka samu.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya same ni ba. Kunnuwana suka toshe. Ina ganin manyan motoci na shiga da fita, ba na jin ƙararsu. Abin da na fara ji tsoro ne, tsoro tsagwaronsa, sai kunya ta biyo baya ta rufe shi. Ni? Ɗan mai 'ya'ya goma sha huɗu? Na fizge takardar daga hannunsa na ce masa ya tsaya a kan buhunansa, likitanci ba aikinsa ba ne. Da na hau motar ɗaga kaya bayan hutu, sai na soke buhu biyu, shugaban aiki ya ce in sauka in je in wanke fuska.

Na je wani asibitin daban aka sake gwaji. Wannan karon da na'ura aka buga sakamakon, da lambobin boko, zagayen sifili ƙato wanda ko makaho ya shafa zai gane. Likitan ya zaunar da ni ya ce akwai sauran bincike, wani lokaci akan dace, wani lokaci ba a dacewa, ba zai yi mini alkawari ba. Na tambaye shi ko abin sabo ne. Ya ce ga alama ya daɗe.

Mako biyu ina ɗauke da takardu biyu a aljihu ban gaya wa kowa ba. A gida na zama kurma. A wurin aiki na daina zama kusa da dattijon, sai ran nan shi ya taso da kwanonsa ya zauna kusa da ni. Don kada ya tambaye ni yadda nake, sai na tare shi da faɗa. Na ce masa wane marar aikin yi ne ma ya fara zama ya ƙirƙiro wa babu lamba? Abin da babu shi ai babu shi, a bar wurin fili mana.

Ya ce, "Kakannina ne."

Na ce ƙarya yake, sifili na Larabawa ne, kalmar ma ta Larabci ce, mu a wurinsu muka ara. Ya ce in je in tambayi duk Balaraben da ya yi makaranta me suke kiran lambobin nan nasu. Akwai wani Bamisire a ofis, na tashi a fusace na je na tambaye shi. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce lambobin Hindu, wato na Indiya. Na dawo na zauna jiki a sanyaye. Shekara arba'in da ɗoriya ina alfahari da abin da ban san asalinsa ba, ga shi a cikin wata guda an karɓe mini abu biyu.

Daga ranar, kusan kowane hutun rana sai ya ɗan ƙara mini. Ba wa'azi yake yi ba, ni nake tono shi, saboda maganar sifili ta fi mini sauƙi a kan maganar kaina. Ya ce a harshen malamansu na da sunan abin shunya, ma'anarsa wofi, abin da ba komai a cikinsa. Da ilmin ya isa hannun Larabawa sai suka fassara kalmar da tasu mai wannan ma'ana, sifir, mu kuma muka mayar da ita sifili. Ya ce wasu al'ummu sun riga su sanin a sa alama inda gurbi ya faɗo a tsakiyar lamba. Abin da masanansu suka ƙara shi ne suka ce wannan wofin lamba ne mai zaman kansa, ana tara shi, ana ɗebe shi, yana iya tsayawa ba kowa a gefensa. Kuma da ɗigo aka fara rubuta shi a can, kafin ya buɗe ya zama zagaye.

Na tambaye shi me ya sa su, ba wasu ba. Ya ce shi dai a ganinsa, don mutanensu ba sa gudun wofi. Tun kafin lissafin, masu ibadarsu suna zama su rufe ido su yi ta kwashe tunani daga zuciya, ɗaya bayan ɗaya, suna neman isa inda ba sauran komai, kuma a wurinsu wanda ya isa can ya samu babban rabo. Wasu malamansu ma cewa suka yi kowane abu a duniya wofi ne ta wata fuska, don babu abin da ke tsaye da ƙafarsa, kowane abu jingine yake da wani. Sukan ba da misali da tulu: sararin da ke cikinsa da sararin da ke waje abu ɗaya ne, yumɓu ne kawai ya shiga tsakani. Mutanen da suka saba kallon babu ido da ido haka, in ji shi, ba abin mamaki ba ne su ba ta suna da wurin zama a cikin lambobi.

Na yi istigfari a zuciyata, na ce masa ni Musulmi ne, ban zo neman wofi ba, ɗa nake nema. Ya ce ya sani. Sai ya ƙara da wani abu: wai asalin kalmar shunya, in ji malaman harshensu, daga kumbura take, abin da ya tasa ya yi rami a ciki. Na ce kamar ciki? Ya ga fuskata, ya gane inda maganar ta taɓa, ya ba ni haƙuri. Ranar ban ƙarasa abincina ba.

Ban karɓi addininsa ba, shi ma bai tallata mini ba. Abin da ya kama ni wata magana ce da ya yi a kan aikin magatakarda. Ya ce kafin a samu alamar, idan mai rubutu ya zo inda babu komai sai ya bar fili ya wuce. To fili ba ya magana. Mai karatu na iya ɗauka mantuwa ce, yana iya matso da lambar da ke kusa ta zauna a wurin, lissafi duka ya lalace, a kama wanda bai ji ba bai gani ba. Ya ce amfanin ɗigon ke nan: wani ya tsaya ya ce na duba nan, babu, kada a nema a wani wuri.

Ina kan motar ɗaga kaya da yammacin ranar, buhu ashirin a sama, sai wani abu ya faɗo mini wanda ya sa na taka birki har kayan suka yi girgiza. Matata a Jidda ta yi makaranta. Lambobin nan su ta fara koya tun tana 'yar shekara shida, ita ɗigo ba aya ba ne a wurinta. Ranar da na jefa mata takardar ina zagin asibiti, ta karanta. Ta san abin da ke ciki kafin ni, ta ninke ta miƙo mini, ta zuba mini abinci. Wata guda ke nan tana kallona ina shiga ina fita da takardar a aljihu, Arfa tana matsowa, Inna tana kira.

Ran Juma'a na dawo daga masallaci na tarar tana yanka salak a falo. Wayar Inna ta shigo a kan lokacinta. Na buɗe murya yadda za a ji a ɗakin, abin da ban taɓa yi da gangan ba. Muka gaisa. Da ta kai ga tambayarta ta kullum, na ce, "Inna, an yi mini gwaji sau biyu. Matsalar a jikina take. Ita lafiyarta lau, ni ne babu."

Sai na ji salatinta ƙasa-ƙasa. Ta ce asibiti na ƙarya. Na ce asibiti biyu ne. Ta ce a danginmu ba a taɓa yi ba. Na ce to an fara. Sai muryarta ta sauka, ta ce kada in kuskura in sake faɗa wa kowa, ko yayyena, a bar maganar a rufe, mutane ba sa tambayar namiji. Na ce mata shekara tara ana tambayar mace a gabana ina jin daɗin shirun, kuma duk wanda Inna ta taɓa gaya wa cewa matata juya ce, ina roƙon ta koma ta gaya masa ba haka ba ne, in ba za ta iya ba ni zan kira su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yi wa mahaifiyata magana irin wannan ba. Ta kashe wayar ba sallama, kuma na san kuka take yi.

Matata ba ta daina yankan salak ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ina jiran ta yi kuka ko ta gode mini, don har a lokacin ina ganin na yi abin a yaba. Da na ga ba ta yi ko ɗaya ba, na tambaye ta me ya hana ta gaya mini tun ranar farko.

Ta ce, "Ni shekara tara ana ce mini ni ce, ban mutu ba. Kai ban san ko za ka iya kwana ɗaya ba."

Ta ajiye wuƙar, ta share hannunta a zane, ta ce akwai kuma wani dalilin. Tana so ta gani da idonta ko zan sake ta bayan Arfa da takardar nan a aljihuna. Na rantse mata ba zan yi ba. Ta ce wata guda na yi ina tunani, ta ƙirga.

"Halas, ka faɗa, Allah ya saka maka," in ji ta. "Yanzu ni ma zan yi nawa tunanin. Ina son ɗa, ya'ni, ba kai kaɗai ke so ba."

Wallahi har ta faɗi haka, bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa ita ma tana iya tafiya. Duk shekarun nan ni nake auna ko in riƙe ta ko in sallame ta, ban taɓa tunanin akwai ranar da za a auna ni ba.

Washegari da safe ta haɗa kaya a jaka ɗaya, ta ce za ta je gidan mahaifiyarta. Ni na sauko mata da jakar daga hawa na uku, na tsayar da tasi, na sa a but. Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafinta. Ba ta ce ga ranar da za ta dawo ba, ni kuma ban ga da wane baki zan tambaya ba.